Yadda Ake Zagaya Ƙauyukan Gaɓar Tekun Gana a Kan Keke

Tsakanin Cape Coast da tsinin ƙasar da ake kira Cape Three Points, inda Gana ta fi miƙewa kudu cikin teku, akwai ƙauyukan masunta da gonakin roba da na kwakwa da tsofaffin ganuwoyin Turawa. Wanda ya bi ta nan a mota kaɗan zai gani, domin babbar hanyar N1 mai haɗa Akra da Takoradi har iyakar Kwaddibuwa tana ratsawa ta cikin ƙasa ne a yawancin tsawonta. Ƙauyukan kuwa kowanne yana ƙarshen wata 'yar hanya da ta ɓalle zuwa bakin ruwa, kamar haƙoran matsefi. Keke ya fi komai dacewa da irin wannan wuri, amma nisa ba shi ne abin tsoro ba. Abu uku ne ke karya mai keke a nan: laima, gishiri, da manyan motocin N1. Duk shirin da za ka yi, a kansu za ka gina shi.

Fara da zaɓar lokaci. Damina biyu ake yi a wannan gaɓa: babba daga Afrilu zuwa wajen Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba har farkon Nuwamba. Yankin yamma ya fi ko'ina ruwa a ƙasar, kuma hanyoyin burji kan zama taɓo mai santsi. Daga Disamba zuwa Fabrairu hanya a bushe take, hunturu ma yakan ɗan leƙo ya rage nauyin iska. Agusta yana da sanyi-sanyi, ga ruwa kaɗan. Ni dai a ganina Janairu ya fi.

Sai takardu. Ɗan ƙasar ECOWAS ba ya buƙatar biza, amma ka riƙe fasfonka da katin allurar shawara, don ana tambayarsa a iyaka. Ka canji sidi, kuɗin Gana, ka rarraba ƙananan kuɗi a aljihu daban-daban. Mai kwakwa a ƙauye ba ta da canjin babbar takarda. Ka kuma tafi da gidan sauro, ko ka tabbata masaukinka yana da shi.

Na uku, keken kansa. Keken tsere mai siririyar taya abin sha'awa ne a kan kwalta, amma da ka sauka kan burji sai faci. Ka sa taya mai faɗin milimita 35 ko fiye, ka rage mata iska kaɗan idan ka shiga gargada. Giya mai sauƙi dole ce, domin ƙasar Ahanta, wato ɓangaren yamma na tafiyar nan, tuddai ne gajeru masu tsayuwa, ka hau ka gangara ka sake hawa, ba shimfiɗa irin ta Kano zuwa Wudil ba. A jaka ka sa tiyub biyu, kayan faci, famfo, makullan daidaita sirdi da birki, tsumma, da 'yar kwalbar man sarƙa. Hular kwano da jar fitilar baya ba kwalliya ba ne.

Gishiri kuwa sai an yi masa tanadi na musamman. Iskar teku tana ɗauke da shi, yana sauka a kan sarƙa da wayoyin birki da kawunan kusoshi, kwana ɗaya ko biyu ka ga tsatsa ta yi ja. Kowace yamma ka goge keken da tsumma da ruwan daɗi, ka bar shi ya bushe, ka ɗiga mai a sarƙa sannan ka share wanda ya yi yawa, don mai da yawa yashi yake kamawa, yashi kuma yana cinye sarƙa. Kada ka kwana da keke a waje, kada kuma santsin bakin teku ya ruɗe ka ka hau yashin da igiya ke lasa. Ruwan gishiri in ya shiga cibiyar wili, sai an kwance an sake giris.

Yanzu hanya. Shawarata ka faro daga yamma ka nufi gabas, saboda iskar wannan gaɓa daga kudu maso yamma take busowa mafi yawan shekara, kuma tana ƙara ƙarfi bayan azahar. Gara tana tura ka da ka yi ta kokawa da ita. Ka ɗora keke a mota zuwa Takoradi, daga nan ka shiga ƙaramar bas, wadda suke kira trotro, zuwa Agona Nkwanta. Ku daidaita kuɗin kaya da yaron mota kafin a ɗaure, kuma ka tsaya a kai ka ga an ɗaure shi ɓangaren giya yana sama.

Daga Agona Nkwanta zuwa Busua kimanin kilomita 10 ne, tafiyar ɗumama jiki ta cikin gonakin rogo da kwakwar manja. Busua tana da masauki iri-iri, don haka nan za ka ajiye kaya. Dixcove na nan kusa, da ganuwar Metal Cross da Ingilishi suka gina a ƙarshen ƙarni na 17 a kan tudu, tana kallon 'yar mashigar da kwale-kwale masu fenti kala-kala suke cunkushe. Ta gabas kuma Butre ce, mai kangon ganuwar Batenstein ta mutanen Holan.

Washegari ce ranar aiki: Dixcove zuwa Akwidaa zuwa Cape Three Points. Zuwan bai kai kilomita 30 ba, amma kada lissafin ya yaudare ka, don yawancinta jar ƙasa ce mai ramuka da kwazazzabai. Za ka ratsa gonakin roba, itatuwa a jere reras, kowanne an tsaga masa bawo a karkace, farin ƙaro yana bin tsagar yana ɗiga cikin ɗan kofin da aka ɗaure a gindi. A can ƙarshe akwai hasumiyar fitilar jiragen ruwa a kan duwatsu, teku ta kewaye ka ta gefe uku. Babu shago mai yawa a tsakani; ka cika gorunanka tun daga Dixcove.

A nan ne zan daɗe kan maganar zafi, domin mutumin Arewa yakan raina shi. Ka saba da ranar Sakkwato ko Zinder mai wuce digiri 40, ka zo ka ga 30 ko 32 ka ce wannan ai wasa ne. To, a can gida zufa tana bushewa nan take, bushewar ce ke sanyaya jiki. A bakin teku iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, zufa sai dai ta yi ta zuba, riga ta manne a baya, jiki kuma bai huce ba. Saboda haka ka fita da an sallame asuba gari ya ɗan waye, wajen ƙarfe shida, ka kammala yawancin tafiyarka kafin sha ɗaya. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ba ka ji ƙishi ba. Gora ɗaya ka haɗa mata ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida, gishiri rabin ƙaramin cokali. Ɗanyar kwakwa tana nan a bakin hanya, a sare maka kai da adda ka sha, a fasa ka kankare naman. In ka ji jiri ko ciwon kai ko tsigar jiki na tashi ana rana, sauka ka nemi inuwa, kada ka yi jarumta. Rana kuma tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, duhu yana rufowa da sauri.

Kashi na biyu na tafiyar, bayan ka koma Takoradi, shi ne ƙasar Fante da ke gabas. Daga Takoradi zuwa Cape Coast wajen kilomita 75 ne a kan N1, kuma ban ga dalilin da zai sa ka yi gogayya da tireloli da tankokin mai a kanta ba. Hau mota, ka haye gadar kogin Pra a Beposo (ruwan ya koma kalar kunu saboda haƙar zinariya ta bayan fage, kada ka wanke ko keke da shi), ka sauka a mararrabar Komenda. Daga nan sai ka riƙa shiga ƙauyuka: Komenda, Brenu Akyinim, har Elmina. Inda dole ta sa ka taɓa N1, ka tuna a hannun dama ake tuƙi, ka manne gefe, in ka ji hon mai ƙarfi a baya ka sauka kan ƙasa ka ba shi wuri.

Elmina ta cancanci yini guda. Turawan Fotugal suka gina ganuwarta a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, kuma a ɗakunanta na ƙasa aka tsare bayi kafin a loda su a jirgi, cikinsu har da waɗanda aka koro daga arewa. UNESCO ta sa ganuwoyin gaɓar nan cikin kayan tarihin duniya a 1979. Idan kana son ganin hada-hadar kifi a bakin tafkin Benya, kada ka zo ranar Talata, don masunta ba sa shiga teku a ranar. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton kowa. Daga Elmina zuwa Cape Coast kimanin kilomita 13 ne, wani sashe a gefen ruwa ƙarƙashin itatuwan kwakwa.

Abinci da sallah ba za su ba ka wahala ba. A manyan garuruwan nan akwai zango, inda za ka ji Hausa, ka sami masallaci da koko da ƙosai da safe, da shinkafa da wake da rana. A ƙauye kuwa dokunu ne da soyayyen kifi da barkono. In lokaci ya same ka a hanya, alƙibla tana gabas maso arewa: ka sa teku a damanka, ka ɗan karkata hagu.

Abu na ƙarshe, wanka a teku. Bayan zufar yini ruwan zai yi ta kiranka, amma igiyar wannan gaɓa tana da ja mai ƙarfi ta ƙasa, tana tafiya da gwanayen iyo ma. Ka tambayi masuntan wurin inda ake shiga, in sun ce a'a, ka yi wankanka da bokiti a masauki.