Yaron da ya fara da ɗinkin littattafai

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi ya tambaya: shin gaskiya ne masanin kimiyya Michael Faraday bai yi jami'a ba?

Gaskiya ne, malam. An haife shi a Ingila a 1791, ɗan maƙeri. Yana ɗan shekara 14 aka sa shi koyon ɗinkin littattafai, kuma duk littafin da ya shigo hannunsa sai ya karance shi.

A 1812 ya halarci laccocin masani Humphry Davy, ya rubuta su, ya ɗinke, ya aika masa. Dabarar ta ci, domin a 1813 Davy ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji. Binciken Faraday na 1831 kan maganaɗisu shi ne tushen janareta.

Abin da ya fi burge mu: ya sha yi wa yara lacca kan yadda kyandir ke ci.