Darasin Wannan Wata: Sohra, Garin Ruwa Mai Fama da Ƙishirwa

Darasinmu na wannan wata zai kai mu ƙasar Indiya, wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Sohra. Turawan mulkin mallaka sun kira shi Cherrapunji, kuma da wannan suna duniya ta fi saninsa. Garin yana Jihar Meghalaya, a arewa maso gabashin ƙasar, kilomita hamsin da 'yan kai daga Shillong, babban birnin jihar. Yana zaune bisa tsauni mai tsawon fiye da mita 1,300. Daga bakin tsaunin ana hango filayen ƙasar Bangladesh a ƙasa.

Abin da ya fito da sunan Sohra shi ne ruwan sama. A shekara takan sami fiye da milimita 11,000, wato ya ninka na Kano sau goma ko fiye. Daga Agusta 1860 zuwa Yuli 1861 an auna fiye da milimita 26,000, kuma har yau ba a sami wurin da ya kai haka cikin wata goma sha biyu ba. Dalili kuwa, iskar damina takan ɗauko laima daga Tekun Bengal, ta ratsa Bangladesh babu abin da ya tare ta. Da ta ci karo da tsaunin sai ta hau sama ta yi sanyi, ta juye ruwan a kan garin.

Mutanen garin 'yan ƙabilar Khasi ne, yawancinsu Kirista. A al'adarsu yara sunan dangin uwa suke ɗauka, kuma 'yar auta ce ke gadon gida, ita ce kuma ke riƙe iyaye idan sun tsufa. Baƙo idan ya zo, akan tarbe shi da wani ɗan itace da ake taunawa da ganye, kamar dai goro. A Sohra ne aka fara rubuta harshen Khasi da boko, bayan zuwan wani ɗan mishan, Thomas Jones, a 1841.

Zama da ruwa ya koya musu dabaru. Suna saƙa wani irin kabido na gora da ganye mai rufe kai da baya, mutum ya yi aiki hannuwansa a sake. A ƙauyukan kwari kuwa gadar katako ruɓewa take yi. Don haka sukan ja saiwoyin wata bishiya dangin ceɗiya daga wannan gaɓa zuwa waccan, su yi ta kitsa su shekara da shekaru har su zama gada. Irin wannan gada ƙara ƙarfi take yi kullum. Wanda ya fara ta, jikokinsa ne suka fi morar ta.

To, ga abin mamaki. Daga Disamba zuwa Fabrairu ruwa yakan ɗauke, garin ya shiga wahala. Mata da yara sukan yi tafiya mai nisa neman na sha, wasu kuma su saya. Me ya jawo haka? Ƙasar wurin ba ta da zurfi, dutse ne a ƙarƙashinta. An kuma sare itatuwa da yawa, ruwa ya wanke ƙasar da ta rage. Saboda haka ruwan ba ya samun inda zai tsaya ya nitse, sai ya gangara Bangladesh.

Darasin a nan shi ne, yawan ruwan sama ba shi ne samun ruwa ba. Ruwan da ƙasa ta riƙe shi ne na mutane. Itace da ciyawa da kunya da tafki su ne ke tsare shi har rani.

Tambayoyi
1. A wace jiha Sohra take?
2. Me ya sa ruwan sama ya yi yawa a can?
3. Wa ke gadon gida a wurin Khasi?
4. Ina ruwan damina yake tafiya a ƙauyenku, kuma yaya za a tsare shi?