Lasifika, Maƙwabci da Hukuma

Karatun yau: Ayyukan Manzanni 19:23-41. Ayar haddacewa: 1 Bitrus 2:16.

'Yan'uwa a cikin Almasihu, bari in fara da laifina kafin in taɓa na kowa.

Ina sabon mai bishara, muka shirya kwanan addu'a a wani ƙauye a ƙasar Makarfi. Lokacin saran rake ne, ga sanyin hunturu. Muka aro janareto, muka ɗaura lasifika biyu a kan dogon gora, ɗaya ta dubi gabas, ɗaya ta dubi yamma. Mu da ke cikin majami'ar ba mu kai talatin ba. Ko da baki kawai na yi magana, wanda ke bencin baya zai ji ni sarai. Duk da haka muka ƙure sauti tun ƙarfe tara na dare har aka yi kiran asalatu.

Da hantsi wani dattijo Musulmi, wanda dangarsa ke haɗe da tamu, ya yi sallama. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, sannunku da ibada. Jiya ai tare muka kwana." Na yi dariya na ce, "Baba, Allah ya sa kun sami albarka." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Amin. Sai dai uwargida tana fama da hawan jini, ba ta runtsa ba. Yara kuma tun duku-duku suka tafi gonar rake, ga adda a hannu, ga barci a ido." Bai ɗaga murya ba, bai ce zai kai ƙara wurin dagaci ba. Ya yi mini sai an jima ya tafi.

A ranar na ce a raina, wannan ai tsanani ne saboda bishara. An daɗe kafin Ubangiji ya ƙure ni da Karin Magana 27:14, inda aka nuna cewa ko albarka ce ka kwarara wa maƙwabcinka da ƙarfi tun da sassafe, shi a wurinsa zagi ne. Mutumin nan bai hana ni wa'azi ba. Barcin matarsa marar lafiya ya zo nema, ni kuwa na sa masa sunan maƙiyin bishara.

Inda gwamnati ta shigo

Abin da dattijon nan ya bari tsakaninmu, gwamnatin Jihar Kaduna ta daɗe tana so ta sa shi cikin doka. A 1984, bayan tarzomar Maitatsine da ta fara a Kano a 1980 ta kuma taɓa Rigasa a Kaduna a 1982, gwamnatin soja ta kafa dokar tsara wa'azi a jihar nan. Manyanmu kuma ba su manta da watan Maris na 1987 ba. Rigima ta tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a kan abin da aka faɗa a wurin wa'azi, cikin 'yan kwanaki wutar ta kai Kaduna da Zariya, ta iso har Ikara, aka ƙone majami'u masu yawa. Babu wa'azin da ya halatta wa kowa ƙona ɗakin sujada, wannan a fili yake. Amma mu lura da nisan Kafanchan da Ikara. Maganar da ta fita daga baki a kudancin jiha, waɗanda ba su ma ji ta ba a arewa su suka biya.

A 2016 Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya aika wa majalisar dokokin jiha ƙudurin da zai maye gurbin dokar 1984. A cikinsa akwai cewa kowane mai wa'azi, Kirista ko Musulmi, sai ya karɓi lasisi na shekara guda. Baƙon mai wa'azi sai ya nemi izini. An hana amfani da lasifika don harkar addini a bainar jama'a bayan ƙarfe 8 na dare. Wanda ya saɓa zai iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyu ko tarar naira 200,000. Ƙungiyar majami'un Fentikos ta Najeriya, wato PFN, ta kai ƙara. A watan Yuni na 2019 majalisa ta amince da ƙudurin bayan gyare-gyare, a watan nan kuma babbar kotun jiha ta yanke cewa tantance masu wa'azi da ba su lasisi ya saɓa wa 'yancin da tsarin mulki ya ba su.

Na tuna yadda muka yi murna. Na kuma tuna cewa a cikin murnar ba mu tsaya mun rarrabe ba. Ƙudurin nan abu biyu ya haɗa a kwarya ɗaya: wa ke da ikon yin wa'azi, da kuma yadda za a yi shi, da wane sauti, a wane lokaci. Na farko ba na Kaisar ba ne. Na biyu kuwa, a ganina, akwai gaskiyar hukuma a ciki, kuma mu muka ba ta ƙofa.

Tsarin mulkin 1999 ma haka ya tafi. Sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addini, har da canja shi da yaɗa shi. Sashe na 45 kuma ya yarda a yi dokar da ta dace don tsaron jama'a, zaman lafiya, lafiyar al'umma da kare haƙƙin wasu. Mun haddace na 38, amma kaɗan ne a cikinmu suka taɓa jin na 45.

Shaidar magatakardan Afisa

Mu koma karatunmu, don a nan nake so mu daɗe. Bulus ya yi wajen shekara uku a Afisa. Shekara biyu daga ciki yana koyarwa kullum a makarantar Tiranus, har maganar Ubangiji ta bazu ko'ina a ƙasar Asiya. Cinikin maƙeran azurfa masu ƙera ɗakunan gunkin Artimis ya ja baya. Dimitiriyas ya tara abokan sana'arsa ya zuga su, gari ya ruɗe, aka ja Gayus da Aristarkus zuwa dandali, aka yi wajen awa biyu ana ihu.

Ku dubi aya 26. Maƙiyin Bulus da bakinsa ya faɗi abin da Bulus yake koyarwa: abin da hannu ya ƙera bai isa a kira shi allah ba. Ke nan Bulus bai sassauta saƙo ba, bai shafa masa zuma don a bar shi ya zauna lafiya ba. Yanzu ku dubi aya 37. Magatakardan gari, wanda shi kansa mai girmama Artimis ne, ya tashi a gaban fusatattun mutane ya shaida cewa mutanen nan ba su saci komai a haikali ba, ba su kuma zagi allahiyar garin ba. Shekaru a gari mai cike da gumaka, ana wa'azin da ya girgiza kasuwa, amma aka rasa zagi ɗaya da za a kama su da shi.

Tambayar da nake yi wa kaina ita ce, in yau rigima ta tashi a Hunkuyi ko a Ikara saboda taronmu, hakimi ko dagaci zai iya miƙewa ya yi mana irin wannan shaida? Zai iya cewa, "Na san mutanen nan, Yesu suke wa'azi, ba su taɓa zagin addinin kowa ba, ba su taɓa hana unguwa barci ba"? Wannan shaida ba a sayen ta ran da wuta ta kama. Shekara da shekaru ake tara ta.

Magatakardan ya ƙara da cewa in akwai mai ƙara, ga kotu a buɗe, ga mahukunta. Da wannan ya watsa taron. A ranar, doka ce ta tsaya tsakanin masu bi da hannun 'yan tarzoma. Mu da ba mu da yawa a ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan, mu ya kamata mu fi kowa son a girmama doka, domin ran da aka ce kowa ya yi abin da ƙarfinsa ya ba shi, mun san wanda zai sha ƙasa. Bulus ya rubuta Romawa 13 ne a zamanin Niro, sarkin da ba ya tsoron Allah, duk da haka ya kira mai mulki ma'aikacin Allah don hana mugunta.

Akwai kuma ƙaramin abu a aya 30 da 31. Bulus ya so ya shiga dandalin, almajirai suka hana shi, waɗansu manyan ƙasar da suke abokansa ma suka aiko kada ya je. Ya ji maganarsu. Manzo guda, cike da Ruhu, ya yarda a riƙe shi. Wasunmu da sun ce wannan rashin bangaskiya ne.

Inda za mu ce a'a

Kada wani ya fita ya ce mai bishara ya ce duk abin da hukuma ta faɗa a yi. Sa'ad da majalisar Yahudawa ta hana Bitrus da Yahaya yin magana da sunan Yesu, a fili suka ce ba za su daina ba (Ayyukan Manzanni 4:18-20, 5:29). Daniyel ya ci gaba da addu'a bayan an sa hannu a dokar da ta hana. In aka ce sai wani kwamiti ya yarda kafin ka gaya wa abokin nomanka cewa Yesu ya mutu dominsa, ko aka ce kada a yi wa wanda ya tuba baftisma, to an taɓa abin da ba na gwamnati ba.

Amma ku ga yadda suka ƙi. Ba su ɗauki sanda ba, ba su ɓuya ba, suka karɓi bulala. Bulus kuma a Filibi ya tsaya a kan haƙƙinsa na ɗan ƙasar Roma, har mahukunta suka zo da kansu suka ba shi haƙuri. Daga baya ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Abin da PFN ta yi na zuwa kotu, a kan wannan hanya yake. Wasunku sun sha wuya wajen neman filin gina majami'a ko takardar izini. Ku bi ta da rubutu, ku ajiye kwafin kowace takarda, ku tafi da dattawa, in ta kama a nemi lauya.

Rufe wuraren ibada da aka yi a jihar nan daga watan Maris zuwa Yuni na 2020 saboda cutar korona daban ne. Masallaci da majami'a duka aka rufe, kasuwa ma aka rufe. Ya yi mana zafi, amma ba wanda ya hana mu sunan Yesu, kuma keɓe mai cuta don kare jama'a yana nan tun a Littafin Firistoci 13. Muka yi sujada a gidaje, ikilisiya ba ta mutu ba.

Ruhu ba ya ƙwace maka linzami

Hujjar da na fi ji a cikinmu, 'yan Fentikos, ita ce, "Ruhu ne ya sauko, ba ma iya tsayawa." Na sha faɗin haka da kaina. Amma 1 Korintiyawa 14:32 ta nuna cewa annabi yana da iko a kan ruhunsa, zai iya yin shiru ya ba wani dama. Kamun kai yana cikin 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5. In annabi zai iya dakatawa da annabci, yaron da ke kan na'urar sauti zai iya rage ta. Ban taɓa ganin aljanin da ya ƙi fita don an kashe lasifikar waje ba.

Wani zai ce, "To su fa? Kiran sallarsu da tafsirin azumi ba a lasifika ake yi ba?" Gaskiya ne, kuma duk dokar da za a yi dole ta hau kowa daidai, in aka matsa wa gefe ɗaya kaɗai, muna da bakin magana a gaban hukuma. Sai dai a ranar shari'a ba za a tambaye ni sautin masallacin unguwarmu ba. Matar dattijon nan za a tambaye ni. Bulus yana da ikon cin abinci daga aikin bishara, ya bar shi don kada ya sa wa bishara tarnaƙi (1 Korintiyawa 9:12). Mu ba a ce mu bar abincinmu ba, maɓalli kawai za mu murɗa.

Tun daga shekarar da na gane wannan, in za mu yi kwanan addu'a, nakan je wurin mai unguwa da maƙwabta tun ana saura kwana biyu in sanar da su. Ƙarfe goma na yi mu sauke lasifikar waje, sauran addu'a a yi ta a cikin ɗaki. In taron fili ne, a sanar da 'yan sanda da sarakunan gari tun da wuri, a gaya wa baƙon mai wa'azi tun kafin ya karɓi makirfo cewa a nan ba a ambaton addinin kowa da raini. Shi gobe zai hau mota ya koma garinsu, mu za a bari da mutanen da muke haɗa rijiya da kasuwa da su.

Aikin wannan mako: dattijo ɗaya da mace ɗaya daga zumuntar mata su ziyarci gidaje uku mafi kusa da majami'arku. Ku gaisa, ku tambaye su ko sautinmu yana damunsu, da kuma wane lokaci ya fi damunsu. Kada ku kare kanku, ku saurara kawai, ku kawo amsar a taron dattawa na gaba.

A addu'ar yau mu sa shugabannin ƙananan hukumomin Ikara, Makarfi da Kudan, da hakimai da dagatai da alƙalai, kamar yadda 1 Timoti 2:1-2 ta umarce mu. Mu sa 'yan'uwan da har yanzu suke jiran takardar fili. Kowa kuma ya ambaci sunan maƙwabcinsa na kusa, musamman in akwai marar lafiya a gidan.