WA KAKE YI WA ADDU'A?

Karatu: 1 Timoti 2:1-6; Irmiya 29:4-7; Ayyukan Manzanni 12:1-17
Ayar haddacewa: 1 Sama'ila 12:23

Ɗan'uwa mai karatu, ka tuna da addu'ar da ka yi jiya da dare. Su wa ka ambata a gaban Allah? Yawancinmu mukan roƙi lafiyar jikinmu da ta iyalinmu, da albarkar gona, da kuɗin karatun yara, sa'an nan mu ce Amin. Wannan ba laifi ba ne, gama Allah Ubanmu ne, yana so mu kawo masa bukatunmu. Amma idan kullum addu'armu ba ta wuce bakin zaure, to, ta yi ƙanƙanta. Isra'ilawa sun ƙi shugabancin annabi Sama'ila, suka nemi sarki. Duk da haka ya gaya musu cewa in ya bar yi musu addu'a, ya yi wa Ubangiji zunubi ke nan. Roƙo domin waɗansu aiki ne da Allah ya ɗora wa kowane mai bi, mace da namiji, mai karatu da wanda bai yi ba.

1. Ka yi addu'a domin ikilisiya

Sarki Hirudus ya kashe Yakubu ɗan'uwan Yahaya da takobi, ya kuma kulle Bitrus a kurkuku. Masu bi ba su da makami, ba su da kowa a fada. Sai suka taru a gidan Maryamu uwar Yahaya Markus, suka dage da addu'a. Da dare mala'ikan Ubangiji ya fitar da Bitrus. Ko da yarinyar nan Roda ta ce yana bakin ƙofa, ba su gaskata ta ba. Bangaskiyarsu ba ta cika ba, amma Allah ya ji su. Mu lura kuma: an kuɓutar da Bitrus, Yakubu kuwa ya mutu. Dukansu biyu suna hannun Allah. Namu shi ne mu roƙa, shi ne yake da ikon zaɓen amsa.

Mu ma a ƙasar nan mun ga wahala. Ran 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da yawa a Damagaram da Yamai, an kuma yi asarar rayuka. Gini ne wuta ta ci, ikilisiya kuwa mutane ne. Me ya kamata mai bi ya roƙa a irin wannan rana? Duba Ayyukan Manzanni 4:23-31. Da aka tsorata manzanni, ba su roƙi Allah ya rama musu ba. Ƙarfin hali suka roƙa, domin su ci gaba da faɗar Maganarsa.

Akwai abin da ya fi wuta ɓarna, wato tsattsaguwa ta cikin gida, a kan kuɗin baiko, ko shugabanci, ko dangi. A daren da aka bashe shi, Yesu ya roƙa mana mu zama ɗaya (Yahaya 17). Mai yi wa fastonsa da dattawa addu'a kowace rana, da wuya ya zauna yana cin namansu a majalisa. Ka tuna kuma da masu bishara na ƙauyuka, da ɗaliban makarantun Littafi Mai Tsarki, da sababbin masu bi waɗanda danginsu suka juya musu baya.

2. Ka yi addu'a domin garinku

Sa'ad da aka kwashi Yahudawa bayi zuwa Babila, Allah ya aika musu da wasiƙa ta hannun annabi Irmiya. Ya umarce su su gina gidaje, su yi shuka, su nemi lafiyar birnin, su yi masa addu'a, domin lafiyarsu tana haɗe da tasa. Birnin waɗanda suka kama su ke nan. Balle mu da muke zaune a garin iyayenmu.

Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne. Rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Tsofaffi ba su manta da yunwar 1973 da 1974 ba, ko ta 1984. Waɗansunmu sun ga ta 2005, wadda ta biyo bayan fari da fara. A damanar 2024 kuma ambaliya ta rushe gidaje da yawa a Maradi da Damagaram. Babu ɗaya cikinsu da ta tambayi addinin mai gida. Saboda haka in kana roƙon ruwa, kada ka roƙa wa gonarka kaɗai. Ka roƙa wa gonar maƙwabcinka da dabbobin makiyayi, ka roƙi sulhu tsakanin manomi da makiyayi lokacin kaka. Iliya mutum ne kamarmu, ya yi addu'a, sama ta ba da ruwa bayan shekara 3 da wata 6 (Yakubu 5:17-18).

Bulus ya ce a yi roƙo domin sarakuna da dukan masu iko, mu sami zama cikin kwanciyar rai. Wanda yake sarautar Roma a lokacin shi ne Nero, mai tsananta wa masu bi. Bulus bai ce sai sarki ya gamshe mu ba. Tun da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, mulki ya sake hannu sau da dama, wani lokaci ta ƙuri'a, wani lokaci ta hannun soja, kamar a 1974, 1996, 1999, 2010 da 2023. Umarnin Allah bai sake ba. Ka ambaci maigari, da sarki, da gwamna, da alƙali, da shugaban ƙasa, ka roƙa musu hikima da adalci da tsoron Allah. Kada ka manta da malaman makaranta, da ma'aikatan jinya na gwamnati da na asibitoci kamar na Galmi, wanda yake hidima tun 1950.

3. Ka yi addu'a domin duniya

Duniya ba ta da nisa kamar dā. Tun 2015 yankin Diffa ya sha hare-hare, daga baya na Tillaberi ma. A 2019 dubban mutane sun gudo daga Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa jihar Maradi saboda 'yan bindiga. A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, miliyoyi suka bar gidajensu. A 2023 ɗin kuma aka rufe iyakokinmu na kudu, kowa ya ji a kuɗin shinkafa da na magani. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mai bi ba ya tsayawa nan, sai ya kai wa ɗan'uwan ruwa shi ma.

In ka ji labari a rediyo, kada ya ƙare a hira. Ka mai da shi addu'a nan take. Wataƙila ka rasa abin faɗa. Romawa 8:26 ta koya mana cewa Ruhu Mai Tsarki yana taimakonmu cikin rashin ƙarfinmu, yana roƙo dominmu sa'ad da magana ta ƙare mana.

Ga abu mai wuya: Yesu ya umarce mu mu yi wa masu tsananta mana addu'a (Matiyu 5:44). Istifanas ya roƙa wa masu jifansa gafara, ga wani saurayi Shawulu yana tsaye yana goyon bayansu. Shi ne ya zama manzo Bulus. Wa ya san wanda Allah zai juyo da shi daga cikin masu riƙe da bindiga a daji yau?

4. Addu'a takan jawo aiki

Da masu bi na Antakiya suka ji za a yi yunwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa, suka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya (Ayyukan Manzanni 11:27-30). Yakubu 2:15-16 ta tsauta wa mai sallamar mayunwaci da fatar baki. In ka roƙa wa gwauruwa abinci alhali da hatsi a rumbunka, mai yiwuwa tiya biyu daga ciki ita ce amsar addu'arka.

Da wane hali muke zuwa gaban Allah? Ba don kirkinmu ba. Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Yesu Almasihu, wanda ya ba da ransa fansa, ya tashi, yana raye yana roƙo dominmu (Ibraniyawa 7:25). In ba ka karɓe shi ba tukuna, addu'ar farko da ta kamace ka ita ce ta tuba.

Ga addu'ar da za ku iya yi tare da iyali:

Ya Allah Ubanmu, ka haɗa kan ikilisiyarka, ka ƙarfafa masu kiwonta, ka riƙe waɗanda ake tsananta wa saboda sunanka. Ka ba garinmu ruwa mai albarka da zaman lafiya. Ka ba shugabanninmu hikima da adalci. Ka ji tausayin waɗanda yaƙi ya kora daga gidajensu, ka juyo da zukatan masu zub da jini. Ka nuna mana abin da za mu yi da hannunmu. Cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.

Tambayoyi

1. Me masu bi suka roƙa a Ayyukan Manzanni 4, me kuma ba su roƙa ba?
2. Don me Allah ya ce Yahudawa su yi wa Babila addu'a?
3. Wa kake jin nauyin yi wa addu'a? Me Matiyu 5:44 ta ce maka a kansa?
4. Rubuta sunaye 7 na mutane ko wurare da ba na gidanka ba. Ka ɗauki ɗaya kowace rana ta makon nan.