Haƙƙin Ɗan Haya Mai Rauni A Kan Mai Gida Da Hukuma

Muna farawa da sunan Allah, muna gode maSa bisa ni'imar matsuguni da ta kwanciyar hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan mako ya shafi wani babi na mu'amala wanda ba a cika tsayawa a kansa ba a wurin wa'azi, watau babin hayar gida. Tambayar ita ce, idan mutum ya ba wani hayar ɗaki alhali ya san akwai abin da ke iya halaka shi a ciki, ko kuwa ya ƙi dubawa don kada ya sani, mene ne matsayinsa a Shari'a? Kuma yaya hukuncin yake idan mai hayar ba shi da wani wurin da zai koma?

ABIN DA YA KAWO MAGANAR

Wanda ya san ƙasar Birnin Gwari ya san dajin Kamuku. Tun 1936 En'e ta keɓe shi, a 1999 kuma Gwamnatin Tarayya ta mai da shi gandun daji na ƙasa. Daga baya ɓarayin shanu da masu satar mutane suka mai da shi maɓoya, suka addabi ƙauyukan da ke gefensa da kuma hanyar Kaduna. A watan Mayu na 2018 an kashe mutum fiye da 40 a ƙauyen Gwaska a hari guda. Irin wannan masifa ita ta tayar da jama'a da yawa daga gonakinsu, wasu suka shigo cikin garin Birnin Gwari, wasu suka nausa Kaduna da Zariya da Funtuwa. A ƙarshen 2024 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi sulhu da 'yan bindigar yankin, aka sake buɗe kasuwar shanu, wasu suka koma gida. Amma ba kowa ne ya tarar da abin komawa ba.

To, mutumin da ya saba da gida mai faɗi, matarsa na girki da itace a tsakar gida iska na kwashe hayaƙi, yau ga shi da iyali bakwai ko takwas a ɗaki ɗaya na haya. Nan ake kwana, nan ake ajiye kaya, sau da yawa kuma nan ake dafa abinci, ko da gawayi, ko da risho, ko da 'yar ƙaramar tukunyar gas wadda aka saya ta hannu. Da yawa daga masu riƙe da irin waɗannan ɗakuna mata ne da aka kashe mazajensu, da marayu, da tsofaffi. Su ne waɗanda ba sa iya buɗa baki su ce da mai gida ga abin da ya lalace, don tsoron kada ya ce su kwashe kayansu.

SANIN ABIN DA AKE TSORO

Malamai sun ce ba a yanke hukunci a kan abu sai an san yadda yake. Saboda haka bari mu ɗan bayyana halin wannan iska. Gas ɗin girki ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Idan ya tsiyaya ba sama yake yi ba, ƙasa yake kwantawa, daidai inda yara ke barci a kan tabarma. A asalinsa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wani sinadari mai ɗoyi don hanci ya ji shi. Idan ya taru a ɗakin da ke rufe, ƙyasta ashana ko taɓa makunnin lantarki ya isa ya tayar da gobara. Yawanci yoyon daga tiyo ne da ya tsage, ko daga kan tukunyar da robarsa ta cinye, ko daga tukunyar da tsatsa ta ci gindinta. Hukumar kula da ingancin kaya ta ƙasa, watau SON, ta bayyana cewa iyakar rayuwar tukunyar gas shekara 15 ce, kuma a gwada ta duk bayan shekara 5.

Akwai kuma haɗari na biyu wanda ya fi wannan ɓoyuwa. Duk wutar da ke ci a inda iska ba ta wadata ba, ta gawayi ce ko ta gas ko ta janareta, tana fid da wata guba marar launi marar wari. Tana fara wa mutum da ciwon kai da jiri, sai barci, daga nan sai dai a ɓalle ƙofa da safe. Wannan ya fi aukuwa da hunturu, lokacin da ake toshe tagogi a kwana da kaskon wuta.

Ba tatsuniya ba ce. A idonmu ne, ran 4 ga Janairu, 2020, wani shagon ɗura gas ya fashe a Sabon Tasha cikin Kaduna, mutane suka ƙone, cikinsu har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Bayan nan ne Gwamnatin Jihar ta ba da umarni a rufe wuraren ɗura gas da ke tsakiyar gidajen jama'a.

ABIN DA SUNNA TA KOYAR

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musal Ash'ari cewa wani gida ya ƙone da mutanensa a Madina cikin dare. Da labari ya kai ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya siffanta wuta da cewa abokiyar gaba ce, ya yi umarni a riƙa kashe ta kafin a kwanta. Mu lura, bai tsaya ga yin ta'aziyya ba kurum, sai da ya fid da ƙa'idar tsaro daga abin da ya auku. Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito gargaɗi ga mai kwana a kan soron da ba shi da rawani. Limaminmu Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa hadisin da ya haramta cuta da cutarwa, wanda malamai suka mai da shi ɗaya daga cikin manyan ginshiƙan fiƙihu.

Da wannan za mu gane kuskuren masu cewa ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa, don haka duba tiyo ko huda taga ɓata lokaci ne. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba mafakar mai sakaci ba ce. Balaraben da ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ai umartarsa aka yi ya ɗaure ta tukuna, sa'an nan ya dogara.

HUKUNCIN MAI GIDA

A nan ne ake bukatar natsuwa, domin akwai wata magana ta malamai wadda masu gidaje ke fakewa da ita. Abin da ya shahara a mazhabarmu ta Malikiyya, wanda Shaihu Halilu ya tafi a kai cikin Muhtasar, shi ne ba a tilasta wa mai gida gyara abin da ya lalace. Idan ɓarnar tana cutar da mai haya, sai a ba shi zaɓi, ko ya zauna, ko ya warware hayar ya fita. Sai ka ji mai gida ya ce, to, ai ga ƙofa nan, wanda bai iya zama ba ya tashi.

Amsar wannan ta fuska biyu ce. Ta farko, wancan hukunci yana magana ne a kan cinikin da ke tsakaninsu, watau wa zai biya kuɗin gyara, da kuma ko haya ta ci gaba ko ta warware. An ba mai haya zaɓin fita ne don a kare shi daga cuta. To, matar da aka ƙone ƙauyensu, ga 'ya'ya biyar, ga kuɗin hayar da ta tara da ƙyar daga surfe da wankau, ina za ta? Zaɓin da aka ba ta suna ne kawai. Wanda ya ɗauki hukuncin da aka shimfiɗa don kare mai rauni ya mai da shi sandar dukansa, ya juya manufar Shari'a. Alƙali yana iya rasa hanyar kama shi, amma Allah ba Ya rasawa.

Fuska ta biyu ita ce, ran mutum yana da nasa babi dabam, watau babin lamuni da diyya. Malamanmu sun yi magana a kan katangar da ta karkata. Suka ce idan aka gargaɗi mai ita, ya sami lokacin da zai iya gyarawa amma ya ƙi, ta zo ta faɗa wa wani, to, shi ke da alhakin abin da ta halaka. Wasu daga cikinsu ma sun ce idan haɗarin ya bayyana ƙarara ba sai an jira gargaɗi ba. Ibnur Rami, wani magini masani da ya rayu a Tunis cikin ƙarni na 14, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce na gini a littafi guda, har da na hayaƙin da ke cutar da maƙwabta. Wayar lantarki da ta kwaile, da ɗakin da ba shi da taga, da gida mai ɗaki goma sha biyu da ƙofar fita ɗaya, duk 'yan'uwan karkatacciyar katanga ne.

Gaskiya ne a ƙasarmu tukunyar gas yawanci ta mai haya ce. Amma ginin na mai gida ne. Shi ya mai da madafa ɗakin kwana don ya ƙara kuɗin shiga, har ya tilasta wa mata girki a cikin ɗaki. Shi ya ba mai ɗura gas hayar shagon da ke jikin ɗakin da yara ke kwana. Ɓoye irin wannan aibi ga mai neman haya algus ne, daidai da na mai hatsin nan da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya ɗora busasshe a sama, wanda Manzon Allah ya tona shi a kasuwar Madina.

HUKUNCIN HUKUMA

Idan hukuma ce mai gidan, kamar gidaje masu sauƙin kuɗi irin waɗanda aka gina a zamanin Shugaba Shehu Shagari tsakanin 1979 da 1983, ko gidajen ma'aikata, ko matsugunin da ake yi wa 'yan gudun hijira, to, nauyin ya ninka. Aya ta 58 ta Suratun Nisa'i ta haɗa umarni biyu wuri ɗaya, mayar da amana ga masu ita da yin hukunci da adalci. Ma'aikacin da aka ɗora wa duba gidaje, ya zauna a ofis ya sa hannu a takarda cewa ya duba, ya haɗa cin amana da shaidar zur, albashin wannan aiki kuwa bai halatta gare shi ba.

Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ma'aikacin tsabta ke shiga gida gida yana leƙa randa da kwata da masai. Wannan aiki reshe ne na hisba, kuma babu abin da zai hana Ƙaramar Hukuma ta raya shi, ta ƙara masa duba murhu da taga da wayar wuta.

A Ingila, dokar 1998 ta wajabta wa kowane mai gidan haya ya kawo ƙwararre ya duba kayan gas duk wata 12, ya ba mai haya takardar shaida. Duk da haka an sha samun hukumomin gidajen talakawa da suka bar lokacin ya wuce ba su duba ba. A garin Rochdale kuma, a watan Disamba na 2020, wani yaro mai shekara biyu, ɗan wasu mutanen Sudan, ya rasu saboda ruma da danshin gidan da hukumar gidaje ta ba su, bayan mahaifinsa ya daɗe yana kai kuka ba a saurare shi ba. Sai da aka yi wannan rashi sa'an nan aka yi dokar 2023 mai ƙayyade lokacin gyara. Darasin da ke ciki shi ne, doka a takarda ba ta tsare rai sai an sami mai tsoron Allah a bakin aiki, kuma a ko'ina kukan baƙo da matalauci shi ne ake jinkirta saurare.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Mai gida ya zagaya gidansa ko wakilinsa aƙalla sau biyu a shekara, kafin damina da kafin hunturu. Ya keɓe wurin girki a fili, ya huda taga, kada kuma ya kori wanda ya kawo masa ƙorafi.

Mai sayar da gas kada ya ɗura wa tukunyar da ya ga ta ruɓe, kada ya cika ta maƙil, domin ana bar mata sarari saboda zafi.

Mai haya shi ma amana ce a hannunsa. Ya shafa ruwan sabulu a kan tiyo da mahaɗa, in ya ga kumfa na tashi akwai yoyo. Ya rufe kan tukunya bayan girki, ya ajiye ta a tsaye inda iska ke ratsawa. In ya ji wari kada ya kunna kome, ya buɗe ƙofa ya fid da yara. Idan zai gargaɗi mai gida ya yi a gaban shaidu biyu ko mai unguwa, domin gargaɗin nan shi ke tabbatar da alhaki.

Limamai da masu unguwanni kuwa su zama bakin waɗanda ba su da baki. Aya ta 9 ta Suratul Hashri ta yabi mutanen Madina saboda yadda suka karɓi waɗanda aka fitar daga gidajensu, suka fifita su a kan kawunansu. Ba a ce kowa ya ba da ɗakinsa kyauta ba, haya halal ce. Amma mafi ƙarancin abin da ɗan gudun hijira ke binmu shi ne, wanda ya tsira daga bindiga a gefen Kamuku kada ya zo ya mutu a ɗakinmu saboda taga ɗaya da muka ƙi hudawa.

Allah Ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari da sauran ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa cikin aminci, Ya tsare mu daga ɗaukar alhakin rai. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.