Filin da aka bari a tukunyar gas ba cuta ba ce

Kimiyyar sinadarai nake koyarwa a sakandare a nan yankin Yangoji, cikin Ƙaramar Hukumar Kwali. Duk shekara in muka zo babin iska, yara sukan haddace P₁V₁ = P₂V₂, su zuba wa WAEC da NECO, su manta. Abin yana damuna, domin a duk manhajar babu babin da ya fi wannan kusa da su. Yana kicin ɗin mahaifiyarsu, yana kuma ƙarƙashin kowace mota da ke bin hanyar Abuja zuwa Lokoja, wadda ta ratsa ta nan. Shi ya sa yau da iyaye da direbobi nake magana.

A 1662 Robert Boyle, ɗan ƙasar Ayilan da ke aiki a Oxford tare da Robert Hooke, ya wallafa abin da ya gano da ya kulle iska a lanƙwasasshen bututun gilashi yana danna ta da zaiba. Idan ka matse iska ta koma rabin wurin da take, matsinta yana ninkawa, muddin zafinta bai canja ba. A aji, sirinji mara allura ya ishe mu. Yaro ya ja iska zuwa 20, ya toshe baki da yatsa, ya danna zuwa 10, sai ya ji tana ture shi. Ya saki, ta koma. Daga baya Faransawa biyu, Jacques Charles wajen 1787 da Gay-Lussac a 1802, suka nuna cewa zafi yana kumbura iska. To, in an kulle ta inda ba ta da wurin kumbura fa? Sai ƙarfin ya koma kan bangon abin da ya riƙe ta.

Mu ɗauki taya. Direba ya sa mai faci ya ba ta iska 32 da sassafe, ana digiri 27. Ya kama hanya cikin zafin Maris, kwalta na tururi, iskar ciki ta kai digiri 57. A wannan lissafi da ma'aunin Kelbin ake aiki, wato a ƙara 273, sai ya zama daga 300 zuwa 330, ƙarin kashi 10 cikin 100. Idan aka haɗa da matsin iskar sarari, agogon mai faci zai nuna kusan 37. Masu ƙera taya sun san da wannan ƙari, sun kuma yi masa tanadi. Adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba na taya mai sanyi ne.

Amma sau da yawa nakan ga direba ya tsaya a gefen titi, ya taɓa taya ya ji zafi, ya ce wa yaronsa, "Kai, rage mata iska kar ta fashe." Wani dattijon direba da na yi wa magana ya ce da ni, "Malam, tun kafin a haife ka nake tuƙi." Gaskiya ne, kuma ban raina saninsa na hanya ba, sai dai a nan gyaran gangar auzinawa yake yi. Tayar da aka rage wa iska tana zafi, in ta huce sai ta zama ba ta da isasshiya. Tayar da ba ta da isasshiyar iska kuwa gefenta lanƙwashewa yake yi a kowane juyi, lanƙwasar ta haifi zafi, zafin ya raba roba da waya. Ga lodin doya ko gawayi da ya wuce ƙima. Ita ce tayar da ke tarwatsewa ana cikin gudu, jami'an kiyaye haɗurra na Yangoji su zo kwasar mutane. A auna iska da safe kafin a tashi. In taya ta yi zafi a hanya, a tsaya a inuwa ta huce, kar a taɓa bawul.

Na fi son in daɗe a kan gas ɗin girki, domin a nan ne ko ɗaliban da suka ci jarrabawa suke ruɗewa. Abin da ke cikin tukunyar nan ruwa ne, haɗin furofen da buten da aka matse har suka zama ruwa, sai ɗan tururinsu a sama. Da ka kunna risho, tururin ya fita, ruwan ya sake tafasa ya cike gurbin. Shi ya sa tukunya ke sanyi har ta yi gumi in an daɗe ana girki. Dokar Boyle ba ta aiki kai tsaye a nan: ko tukunya na cike, ko saura kwata, matsin kusan ɗaya ne, zafi kaɗai ke ɗaga shi. Saboda haka ƙaramin agogon matsi da ake liƙawa a kan tukunya ba zai gaya miki saura kilo nawa ba, Hajiya, sai gas ya zo ƙarewa allurarsa ke faɗuwa. Sikeli ne alƙali. A jikin kowace tukunya an buga nauyinta in babu komai ciki. A ɗora ta kafin a zuba da bayan an zuba, bambancin shi ne abin da aka saya, kilo 3 ne, 6 ne ko 12.5.

Ana nan sai ka ji mai saye ya jijjiga tukunya ya ce, "Ai bai cika ba, ina jin yana motsi, ƙara min." Wani mai sayarwar kuma, don kar a ce ya yi cuta, sai ya ƙara. Ƙa'ida ita ce ruwan gas kar ya wuce kimanin kashi 80 zuwa 85 cikin 100 na cikin tukunya. Ruwan gas yana kumbura da zafi fiye da ruwan sha nesa ba kusa ba. In akwai fili a sama, sai ya samu inda zai hau. In an cika ta maƙil, aka ɗaure a bayan babur cikin rana ko aka rufe a but ɗin mota, ruwan ba ya matsuwa yadda iska ke yi, sai matsi ya yi tsalle farat ɗaya, bawul ko tsohon walda ya sake. Lita 1 ta ruwan gas tana zama kimanin lita 250 ta tururi, kuma kashi 2 kacal cikin 100 na iskar ɗaki ya isa ya kama da wuta. Masu cuta a sikeli suna nan, ban wanke su ba. Amma motsin da kake ji ba shaidar cuta ba ce.

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, motoci da yawa a Abuja sun koma CNG. Shi wannan iskar gas ce zalla, ba ruwa ba, da aka danna zuwa kimanin ba 200, wato ninki 200 na matsin iskar da muke shaƙa, shi ya sa agogonsa ke faɗin gaskiyar abin da ya rage. Tukunyar girki kuwa, ko furofen zalla ne a digiri 40, matsinta bai kai ba 15 ba. Tukunyar CNG ba ta da ɗinkin walda a jikinta, an ƙera ta ne don wannan aiki. Duk mai waldar da ya ce zai haɗa maka ita da araha, ko ya juya maka ta girki, kashe ka zai yi.

Gwangwanin maganin sauro da na turare ma ba sa ƙarewa ƙarƙaf, akwai sauran gas a matse a ciki. A nan gidaje da yawa suna ƙona shararsu da kansu, yara na tsaye a gefe. A ware gwangwanayen nan, kar su shiga wuta.

Gas ɗin girki ba shi da wari a asali, da gangan ake zuba masa sinadari mai ɗoyi don hanci ya kama yoyo. Ya fi iska nauyi, don haka ƙasa yake kwanciya, ya bi ƙarƙashin ƙofa, ya taru a rami ko lungu. Wanda ya kwana a tabarma ya fi wanda ke tsaye kusanci da gas ɗin. In kun ji warin, a rufe kan tukunya, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Kar a kunna fitila ko fanka, kar kuma a kashe wadda ke kunne, domin makunnin lantarki na tartsatsi ta kowane ɓangare. In za a nemi inda yake yoyo, a kaɗa ruwan sabulu a shafa a bakin tukunya da tiyo, inda ya yi kumfa nan ne. Ban da ashana. Tiyon da ya fara tsagewa a sauya shi, ba a ɗaure shi da leda ko robar taya. Tukunya kuma a tsaye ake ajiye ta, a inuwa, inda iska ke wucewa, domin in an kwantar da ita ruwa ne zai biyo tiyo maimakon tururi.