A Gyara Makarantar Ɗan Talaka Baki Ɗayanta

Ya kai mai karatu, ka dubi yara biyu da ke zaune a benci ɗaya a aji biyu na firamare. Ɗaya idan an tashi zai koma gidan da ake ajiye littattafai, uwarsa ta duba masa aikin gida, da yamma kuma malamin lesin ya zo. Ɗayan yana sauke jaka zai ɗauki farantin talla ko ya bi mahaifinsa gona, kuma ba zai sake haɗa ido da baƙi ba sai gobe. Idan malaminsu bai zo ba, ko ya zo amma bai iya koyar da karatu ba, na farko yana da wurin da zai cike giɓinsa, na biyun kuwa ya yi asara ke nan har abada. Saboda haka duk wani aibu da ke cikin makaranta a kan ɗan talaka yake sauka, domin shi ba shi da wata madogara sai ajin nan. Abin da wannan takarda take son tabbatarwa shi ne, ba a ɗaga karatun irin wannan yaro da taimakon gefe. Sai an gyara makarantar gaba ɗayanta bisa buri guda da kowa ya sani, wanda kuma ake iya aunawa.

Abin da aka saba gani shi ne gyaran ɓalli-ɓalli. Bana a shafa fenti a kafa allon sanarwa, baɗi a kawo bencina, wata shekara a kwashi malamai uku zuwa bitar kwana biyar a birni, su karɓi alawus su dawo su ci gaba da abin da suka saba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alheri ne, ba a musu. Amma randar da ta huje wuri biyar, in ka toshe ɗaya, da safe ba za ka tarar da ruwa ba. Amurka ma ta bi wannan hanya. A 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, aka kafa dokar da ta ware kuɗin tarayya domin 'ya'yan marasa hali. Shekara da shekaru yadda ake kashe kuɗin shi ne a zare yaron daga aji na ɗan lokaci, wani malami daban ya yi masa ƙarin darasi, sannan ya koma ajin da tun farko ya kasa koyar da shi. Sau da yawa malaman biyu ba su ma san abin da juna ke koyarwa ba. A 1978 aka yarda makarantar da kashi 75 cikin ɗari na yaranta talakawa ne ta yi amfani da kuɗin wajen gyaran makarantar duka. A dokar 1994 aka sassauto zuwa kashi 50, a ta 2001 zuwa kashi 40. Sharaɗin da aka gindaya abu uku ne da ya kamata kowane hedimasta ya haddace: a fara binciko ainihin abin da yara suka rasa, a rubuta tsari, sannan a riƙa duba tsarin a kai a kai ana gyara shi.

Sai dai rubuta tsari a takarda daban, aikata shi daban. Wurin da aka aikata har duniya ta shaida shi ne Sobral, wani gari mai mutane wajen dubu 200 a jihar Ceará da ke arewa maso gabashin Burazil. Yanki ne mai zafi da ƙarancin ruwan sama, ya sha fari, kuma yana cikin sassan ƙasar da talauci ya fi yi wa katutu. Cid Gomes ya zama shugaban garin a 1997, kuma shekarunsa huɗu na farko sun tafi a kan abin da kowane ɗan siyasa ke so: gine-gine, ɗaukar malamai, cika makarantu da yara. A ƙarshen shekarar 2000 sai aka yi abin da hukumomi kan ji tsoron yi. Aka gwada yaran da ke gama aji biyu, aka tarar kusan rabinsu ba su iya karatu ba. Gine-ginen na nan, yaran na nan, malaman na karɓar albashi, amma karatu babu. Mahukuntan garin ba su ɓoye sakamakon a aljihun tebur ba. Sun bayyana shi ga iyaye da malamai, kuma daga nan gyaran ya soma.

Abu na farko da suka yi shi ne taƙaita buri. Ba su ce za su gyara kimiyya da wasanni da kwamfuta a lokaci ɗaya ba. Cewa suka yi kowane yaro ya iya karatu tun yana ɗan shekara shida zuwa bakwai, manyan da suka wuce ba su iya ba kuma a dawo da su a koya musu. Suka fara karɓar yara a firamare tun suna shekara shida, kafin dokar ƙasa ta 2006 ta wajabta haka. Ƙananan makarantun karkara da malami ɗaya ke fama da azuzuwa da yawa aka haɗe su wuri guda. Sannan suka taɓa abin da ya fi zafi, wato kujerar hedimasta. A da 'yan siyasa ke raba ta ga magoya baya. Sai aka mayar da ita ta jarrabawa da tantancewa, kuma da yawa daga cikin tsofaffin shugabannin suka sauka. Wanda ya hau aka ba shi kuɗin gudanarwa a hannunsa da ikon tafiyar da makarantarsa, aka kuma ɗora masa alhakin sakamakonta. A ganina wannan mataki ne ya riƙe sauran, domin makarantar da shugabanta ke bin umarnin wanda ya naɗa shi ba za ta taɓa sa karatun ɗan talaka a gaba ba.

Ga malami kuwa, ba a bar shi da alli da allo kawai ba. An ba shi littafin jagora mai tsararrun darussa, an ba kowane yaro littafinsa, kuma ana yi wa malamai horo kowane wata a kan abin da za su koyar a makonnin da ke tafe. Ka lura da bambancin wannan da bitar shekara-shekara: abin da malami ya koya yau, gobe zai gwada shi a aji, mai kula da koyarwa na makarantar ya shiga ya zauna a baya ya gani, su tattauna bayan an tashi. Yaron da bai zo ba kuma ba a jira ƙarshen zango. Ana kiran rajista da safe, kafin rana ta yi nisa an tuntuɓi gidansu. Sannan sau biyu a shekara masu gwaji daga wajen makaranta sukan zo su saurari yara suna karatu ɗaya bayan ɗaya. Wannan gwaji yana tona abin da karatun taro ke rufewa. Kowa ya san ajin da malami ke faɗa yara tamanin suna amsawa da murya ɗaya, mai wucewa ta taga ya ɗauka ilimi ake kwasa. Amma ka ware yaro guda, ka nuna masa kalma a tsakiyar shafi ba daga farkon layi ba, sai ka ga ya ɗaga kai yana kallon silin, leɓensa na motsi yana neman inda haddar ta tsaya.

Burazil tana da ma'aunin ƙasa da ake kira IDEB, daga sifili zuwa goma, wanda ke haɗa sakamakon jarrabawar harshe da lissafi da yawan yaran da ke wucewa aji na gaba. A 2005 Sobral ta sami maki 4.0 a azuzuwan farko, tana ta 1,366 a jerin ƙananan hukumomin ƙasar. A 2017 ta sami 9.1, ta zo ta ɗaya cikin ƙananan hukumomi sama da 5,500. Da Cid Gomes ya zama gwamnan Ceará a 2007, da Izolda Cela a matsayin mai riƙe da ma'aikatar ilimi, sai aka shimfiɗa tsarin a jihar duka. Har aka yi doka cewa kashi 18 cikin ɗari na rabon da ƙananan hukumomi ke samu daga harajin cinikayya a raba shi bisa sakamakon karatun yara. Aka kuma ƙirƙiro kyauta ga makarantun da suka yi fice, amma ba a biyan cikon kuɗin sai makarantar ta kama hannun wata da ke can ƙasa ta ɗago ta.

To, mai hankali zai yi tambaya, kuma yana da gaskiyarsa. Zai ce ai talauci daga gida yake, makaranta ba za ta iya kankare shi ba. Wannan magana tana da tushe: babban binciken da James Coleman ya jagoranta a Amurka a 1966 ya nuna cewa halin gidan da yaro ya fito ya fi kayan makaranta tasiri a kan sakamakonsa. Amma a duba da kyau. Binciken ya kwatanta makarantu ne yadda ya same su, bai gwada abin da zai faru in an sauya yadda ake koyarwa ba. Iyayen Sobral ba su wayi gari attajirai ba tsakanin 2005 da 2017. Makaranta ba za ta sa tuwo a tukunyar gidan yaro ba, amma koya masa haɗa baƙi da wasali aikinta ne, kuma talaucin ubansa bai zama hujjar barin wannan aiki ba.

Wani zai ce maganar duka ta kuɗi ce. Lallai ajin da ba rufi, da malamin da ke bin bashin albashi, ba tsarin da zai yi musu magani sai kuɗi. Amma kuɗi kaɗai an gwada shi. Gwamnatin Amurka ta zuba kimanin dala biliyan 7 a makarantunta mafiya rauni daga 2010 zuwa 2015, kuma binciken da ma'aikatar iliminta ta fitar a Janairun 2017 bai ga wani bambancin a zo a gani ba a karatu ko lissafi. Sobral kuwa ba ta cikin garuruwan da suka fi kashe kuɗi a kan kowane ɗalibi a ƙasarta. Kiran rajista, zama a bayan aji, da sauraren karatun yaro ba su buƙatar kwangila.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta jarrabawa. Ana cewa idan aka ɗaure kyauta da kuɗi a kan maki, malamai za su koma horar da yara cin jarrabawa, wasu ma su ɓoye raunana ranar gwaji ko su yi maguɗi. An yi wa Sobral kanta irin wannan zargi, kuma ba daidai ba ne a share shi. Maganinsa a cikin tsarin yake: masu gwaji su zo daga waje, yaron da bai halarci gwaji ba a lissafa shi a kan makarantar, kuma a fi ba da lada ga ɗago na ƙasa a kan ƙara wa na sama. Ceará ta sa irin waɗannan sharuɗɗa a lissafin rabonta. Ban da haka, karatu ba ya cikin abubuwan da ake iya yi wa kwaskwarima. Yaron da aka miƙa wa labarin da bai taɓa gani ba, ko ya karanta ya faɗi abin da ya fahimta, ko ya yi shiru.

Saura mai cewa can Burazil ne, nan kuwa aji ɗaya yara ɗari. Gaskiya ne nauyin ya fi yawa, kuma ba wanda zai yi alkawarin maki tara cikin shekara goma. Amma kayan aikin ba baƙi ba ne a wurinmu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 a Najeriya ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin farko. Akwai hukumar ilimin bai-ɗaya, wato SUBEB, a kowace jiha, akwai sakataren ilimi a kowace ƙaramar hukuma, akwai kwamitin SBMC da aka tanada domin iyaye da masu unguwa su sa baki a harkar makaranta. Wani shiri mai suna ESSPIN ya yi aikin gyaran makaranta baki ɗaya a Kano da Jigawa da Kaduna, an kuma wallafa littattafan koyon karatu da Hausa na azuzuwan farko a Bauchi da Sakkwato. Rubutun Hausa kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa, don haka yaron da aka fara masa da harshen da yake ji ba ya daɗewa bai kama ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne haɗa waɗannan a kan buri ɗaya, da haƙurin riƙe shi ko da gwamnati ta sauya. Sobral ta riƙe nata fiye da shekara ashirin, shugaba bayan shugaba.

Don haka kira na farko ga hedimasta ne da kwamitin makaranta. Kafin a rubuta wa hukuma takardar neman katanga, a ware mako ɗaya a zangon nan a zaunar da kowane yaro na aji biyu da aji uku shi kaɗai, a ba shi baƙaƙe, sannan kalmomi, sannan gajeren labari, a rubuta inda ya tsaya. A tara iyaye a faɗa musu adadin ba tare da kunya ba. A ba ƙananan azuzuwa malaman da suka fi ƙwarewa, maimakon al'adar tura su aji shida. A sa sa'a guda ta karatu kowace safiya wadda ba taro ko share fili da zai ci ta, a kuma raba yara bisa inda kowa ya tsaya. Sakataren ilimi ya bar hedimastan da ke aiki a kujerarsa, ko wane ne ya ci zaɓe. Kai kuma uba, ko da ba ka yi boko ba, kunnenka ya isa ya bambance mai karatu da mai lalube. Yau da daddare ka kira ɗanka, ka buɗe masa shafin da bai saba da shi ba, ka ce ya karanta maka. In ya kasa, kada ka dake shi. Gobe da safe ka je makarantar ka tambayi hedimasta ranar da za a kira taron iyaye.